Sauya batir a ƙaramin jirgin ruwa: abin da ya kamata a sani

Daga kogin Kwara a Yamai da Gaya zuwa tafkin Madarunfa da na Tabalak, mai kwale-kwalen da ke aiki da batir yana dogara da shi wajen kunna fitila, cajin salula, fitar da ruwa da famfo, ko tada inji. Sai dai sabon batir ba ya wadatarwa idan wayoyin sun ruɓe. Waya mara kyau tana shanye wuta, tana iya kuma haddasa gobara kusa da tankin mai, a tsakiyar ruwa.

Yaushe ake sauyawa

Batir mai dalma na volt 12 yana da ɗakuna 6. Idan ya cika kuma ya huta, mita tana nuna kimanin 12,6. Idan ta nuna 12,2, rabin wutar ya tafi. Wanda aka yi wa caji ya kwana ya faɗo ƙasa da 12, ko ya kumbura, ya gama aiki. Zafi yana rage masa kwana, don haka a ɓoye shi daga rana.

Wane iri za a saya

Batir ɗin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na ƴan daƙiƙoƙi. Fitila da famfo suna buƙatar irin na sola, mai jure jan wuta a hankali. Shi ma kada a bari ya sauka ƙasa da rabi.

Haɗa biyu

Idan aka haɗa + da +, − da −, volt yana nan 12, amma batura biyu masu 100 Ah sun zama 200 Ah. Idan aka haɗa + na ɗaya da − na ɗayan, an sami volt 24, wanda zai ƙone kayan 12. Kada a haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai janye wutar sabon.

Tsarin aiki

A kashe inji da duk abin da ke jan wuta, a cire zobe da agogo. A fara kwance − kafin +. Wajen ɗaurawa kuwa, + ne farko, − a ƙarshe. A sa alama a kowace waya kafin a cire ta. Wadda cikinta ya yi kore ko baƙi a sauya ta da ta jan ƙarfe mai silli da yawa, domin mai silli ɗaya tana karyewa da girgiza. Gwargwadon nisa, gwargwadon kaurin waya.

A sa fiyus a kan wayar + mai zuwa fitilu da famfo, kada ya wuce santimita 18 daga batir. Idan ya ƙone, a nemi dalili. Maye shi da guntun waya shi ne ke jawo gobara.

A ɗaure batir cikin akwati, sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da man fetur. A bar masa hanyar iska, saboda lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. A ƙarshe a shafa giris a kawunan.

Tsohon batir yana ɗauke da dalma da ruwa mai ƙuna. A kai shi ga masu sayen tsofaffi, kada a jefa shi cikin ruwan da jama'a ke sha, suke kamun kifi.