Tarihin Ƙidayar Kifi a Kogin Sakkwato da Madatsar Bakolori

Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai lissafin dukiyarsa. Manomi ya san dami nawa ya ɗaure, domin da wannan lissafi yake fitar da zakka, da shi kuma yake sanin ko rumbu zai kai iyali wata kaka. Makiyayi ya san shanunsa kai da kai, kuma a zamanin jangali hukuma ma ta san su. Akwai dukiya guda da ta gagari irin wannan lissafi, wato kifi, saboda yana zaune inda ido ba ya kaiwa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Ni ɗan Kucheri ne, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Ƙasarmu ƙasar tudu ce da duwatsu, sana'armu noma, kifi kuwa galibi a banda yake iso mana daga wasu wurare. Duk da haka maganar ta shafe mu, domin kogin Sakkwato, wanda ya faro daga wajejen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu, shi ne aka tare a Bakolori. A wannan maƙala zan bi tarihin yadda aka yi ta ƙoƙarin sanin yawan kifin wannan kogi da madatsun da ke kewaye da shi. Abin da tarihin ya nuna mini shi ne, inda aka ƙidaya kifi an iya kare shi da masu cin abinci da shi, inda kuma ba a sa shi a lissafi ba masunci ya yi asara babu mai shaida.

Lissafin masunta na gargajiya

Rayuwar kifin kogunanmu ta rataya ne a kan ambaliya. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. A nan ƙanana ke samun abinci da maɓoya. Idan kaka ta yi, ruwa ya janye, wasu su koma gulbi, wasu su maƙale a tafkunan fadama, inda ake yin su da rani. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta kuma daɗe, shekarar da ke biye kifi yakan yi yawa.

Masuntan gargajiya, musamman Kabawa da Sarkawa, sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Sarkin ruwa shi ke hana su a wani tafki har sai kifi ya ƙosa, shi kuma ke ba da izinin faɗawa. Yana duba girman abin da ake kamawa, da irin kifin da ya yawaita, ko tarwaɗa ce, ko karfasa, ko kurungu, ya yanke hukunci. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, a kan wannan ɗabi'a ya ginu: a killace ruwan Matan Fada tsawon lokaci, sannan a buɗe shi rana ɗaya.

Wannan ilimi na ƙwarai ne, amma yana da iyaka. A ka yake, kuma kowane sarkin ruwa nasa ruwan ya sani. Idan aka yi wani aiki a can saman kogi wanda ya canza komai, ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce ga yadda muke da, ga yadda muka koma.

Shigowar alƙalami

A shekarun 1950 wani jami'in harkar kifi na gwamnatin mulkin mallaka, M. J. Holden, ya yi nazarin kifayen da ke saura a tafkunan rani na fadamar kogin Sakkwato. Ya rubuta ire-irensu da yawansu da nauyinsu, aka buga sakamakon a Ingila a 1963. Har yau masu nazarin kogunan Afirka masu ambaliya suna komawa ga wannan aiki, domin ya kama hoton kogin tun ba a tare shi ba. A 1967 kuma Ma'aikatar Aikin Gona ta Jihar Arewa ta fitar da littafin W. Reed da abokan aikinsa a kan kifaye da sana'ar su a Arewacin Nijeriya, wanda ya tattara siffofin kifayen da kayan kama su. Daga nan aka fara samun harsashin da za a kwatanta jiya da yau.

Makarantar Kainji

Inda ƙidayar kifi ta zama sana'a sosai a Nijeriya shi ne tafkin Kainji. A 1968 aka tare kogin Kwara, aka samu tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, aka kuma tashi mutane kimanin 44,000. Gwamnati tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa aikin binciken tafkin a Sabuwar Bussa. A 1975 ya zama cibiya mai cin gashin kanta, a 1987 kuma aka mai da ita cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya.

Ya dace in bayyana yadda ake ƙidayar, domin mai karatu zai iya tambaya, wa ya taɓa jera kifi ya ƙirga? Amsar ita ce ɗanɗano ake ɗauka, kamar yadda uwargida ke sanin gishirin tukunya da ludayi ɗaya. Hanya ta farko ita ce kallin gwaji. Ana jona raguna masu ido daban-daban, daga inci ɗaya zuwa bakwai, a shimfiɗa da yamma a ɗaga da safe, a wurare iri ɗaya, wata bayan wata. Kowane kifi a rubuta irinsa, a auna tsawonsa, a ɗora shi a sikeli, a duba cikinsa ko yana da ƙwai. Idan abin da raga ɗaya ke kamawa a dare ɗaya yana raguwa, ko kifin yana ƙanƙancewa, to ruwan yana gaya wa mai bincike wani abu.

Hanya ta biyu ta fi kusa da mutane. Sau ɗaya a shekara a zagaya tafki a ƙirga ƙauyukan masunta, da jirage, da kalli, da birgi, da mamari, da gura. Sannan a zaɓi wasu wuraren sauke kifi, a sa magatakarda ya auna abin da jirage ke kawowa a wasu ranaku na wata. Idan aka san matsakaicin abin da jirgi ɗaya ke kawowa, aka san yawan jirage da kwanakin fita, sai a ninka a sami kiyasin shekara. Wani masanin lissafi na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, G. P. Bazigos, shi ya tsara wannan a Kainji a farkon shekarun 1970.

Akwai kuma hanyar sa alama, wadda ake jingina wa C. G. J. Petersen na ƙasar Denmak tun 1896, kuma ta fi dacewa da ƙananan ruwaye. Misali, a kama kifi 100 a yi musu alama a sake su. Bayan sun gauraya a sake kama 200. Idan aka tarar da 10 masu alama, wato ɗaya cikin ashirin, to jimillar kifin ta kai kimanin 2,000.

Abin da waɗannan hanyoyi suka nuna a Kainji abin lura ne. Da ruwa ya mamaye gonaki da dazuzzuka, ciyawa ta ruɓe, abinci ya yalwata, kifi ya yi ambaliya, musamman faliya. A 1971 kiyasin abin da aka kama ya haura tan 28,000. Kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Kifayen da ke son ruwa mai gudu, irin su miligi, suka ragu, karfasa mai son ruwa kwance ta ƙaru. Wannan shi ne halin sabon tafki: yakan yi wa masunci alkawarin da ba zai iya cikawa ba, mutane su taru saboda shekarun farko, sannan a wayi gari masu raga sun fi kifi yawa.

Daga 1993 wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus ya farfaɗo da ƙidayar. Kiyasin 1996 ya haura tan 38,000, kaso mai yawa daga ciki warangi ne, ɗan ƙaramin kifin nan da ake shanyawa. Lissafin ya nuna cewa dala, babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa mai ido kamar gidan sauro, tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi. Da wannan hujja aka je wa sarakuna da sarakunan ruwa, jihohin Neja da Kabi suka yi dokoki, aka shigo da lasisi, aka hana dala a 1999. Dokar ba ta warkar da komai ba, domin kiyasin 2001 bai wuce kimanin tan 13,000 ba. Amma ko ba komai ana magana ne da adadi a hannu, kuma masunta da kansu suna cikin masu auna kifin.

Bakolori

A gida labarin ya bambanta. An fara gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Manufar ita ce noman rani, kuma a kan alkama da shinkafa aka yi lissafin riba. Rikicin filaye da diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980, abin da mutanen ƙasar ba su manta ba.

Asarar masunta ba ta yi irin wannan ƙara ba. Da aka tare kogin, ambaliyar da ke shiga fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu a tsawo da faɗi da daɗewa. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan wannan fadama, ya buga abin da ya gano a 1985: shinkafa ta ja baya, gero da dawa suka maye gurbinta, lambun rani ya ragu, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta suka bar sana'ar ko suka yi ƙaura. Yawancin wannan bayani daga bakin mutanen ya same shi. Wato sai da ɓarna ta auku sannan aka zo ana tambayar masunci yadda abin yake a da.

A cikin tafkin kansa, ma'aikatan cibiyar Kainji, cikinsu har da E. O. Ita, sun yi bincike a farkon shekarun 1980. Sun lura cewa ruwan Bakolori gurɓatacce ne da laka, haske ba ya ratsa shi sosai, don haka tsirran cikin ruwa ba sa bunƙasa, kuma gaɓarsa marar zurfi, inda kifi ke ƙwai, ba ta da yalwa kamar ta Goronyo. A Goronyo, a kan kogin Rima, an yi binciken kifi a 1982, kafin a kammala madatsar a 1984, abin da ya ba na baya ma'aunin kwatance. Ita ya tattara irin waɗannan bayanai a rahotonsa na 1993 kan albarkatun kifin cikin ƙasa na Nijeriya.

Lakar nan da ke dushe ruwan Bakolori ita ce ta haɗa mu mutanen tudu da masunta. Daga gonaki da kwazazzabai na saman kogi take gangarowa. Duk bishiyar da aka sare a gaɓar rafi, duk gonar da aka nome har bakin ruwa, ƙasarta tana tafiya ta kwanta a gindin wata madatsa, ko ta Gusau ko ta Bakolori, ta rage zurfinta, ta rufe wurin ƙwan kifi. Ruwa ba ya tsami banza.

Kammalawa

Tarihin nan ya koya mini abu uku. Na farko, ƙidaya tana da amfani ne idan ta riga aiki, ta kuma ɗore bayansa, domin awon shekara ɗaya ba ya nuna hawa ko sauka. Na biyu, madatsa ba ta tsaya a bangonta ba, lissafinta dole ya haɗa da na sama da na ƙasa. Na uku, adadi ba ya zama doka mai aiki sai ya bi ta hannun waɗanda masunta ke jin maganarsu. Nijeriya na da dokar kamun kifin cikin ƙasa tun 1992, amma a Kainji sai da sarakunan ruwa suka shigo sannan aka ga motsi.

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, ta gaji Bakolori da madatsar Gusau da ƙananan madatsu na ƙasa a garuruwa da dama. A yau rashin tsaro ya sa shiga wasu wuraren ya yi wuya ga baƙo mai bincike. Wannan ya ƙara nuna cewa littafin ƙidaya ya kamata ya zauna a hannun 'yan gida. Sikeli, da abin auna tsawo, da littafi, da yaro ɗaya mai karatu a gefen kowane sarkin ruwa sun isa a fara. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na kwalejin aikin gona ta Bakura za su iya tattara waɗannan littattafai duk wata, su fitar da kiyasin shekara. Idan aka yi haka shekara goma a jere, ranar da za a zo da maganar sabuwar madatsa, ko yashe tsohuwa, ko zuba 'ya'yan kifi, masuncin Zamfara zai zauna a wurin shawara da hujjarsa a rubuce.