Lissafin Shekara a Ƙasar Kano

A ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, manomi yana riƙe da lissafin shekara iri uku, kowanne kuwa da aikinsa.

Na farko shi ne na damina da rani, wanda ya girmi sauran. Shekarar manomi kashi huɗu ce, watau bazara, damina, kaka da rani. Da rani ake kai taki gona, da bazara a yi sharar gona, in ruwa ya sauka a shuka gero da dawa. Kaka kuwa lokacin biki ne, domin sai rumbu ya cika ake aure da kalankuwa da dambe. Malaman hisabi suna ƙidaya wannan shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, guda ɗaya kwana 14, jimla 365.

Na biyu shi ne na wata, wanda ya zo tare da Musulunci. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, kuma Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, shi ya fara sallar Idi a Shadakoko. Sannu a hankali Hausawa suka laƙaba wa watannin sunayensu. Muharram ya zama watan Cika-ciki, Rajab watan Azumin Tsofaffi, Rabi'ul Awwal kuwa watan Takutaha, lokacin da Kanawa ke hawan Dutsen Dala.

To, shekarar wata kwana 354 ce, saboda haka kowace shekara takan ja baya da kwana 11, sai bayan shekara 33 ta komo inda ta faro. Azumin 2010 ya kama cikin Agusta, ana tsakar aikin gona, na 2025 kuwa cikin Maris, ƙasa busasshiya. Wanda ya ɗaura shukarsa a kan wata, lalle wata rana zai binne irinsa a banza, gidansa ya kwana da yunwa.

Na uku shi ne na Turawa, wanda ya shigo bayan sun ci Kano cikin 1903. Da shi aka riƙa karɓar haraji, da shi kuma ake buɗe makaranta da biyan albashi har yau.

Babu wanda ya kori ɗan'uwansa cikin ukun nan. Manomi yakan dubi wata domin ibadarsa, ya dubi kalanda domin hulɗa da hukuma, amma ranar shuka sai ya tona ƙasa ya ga inda laima ta kai.