Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Keken Ɗinkin Yayata

1/ Jiya Yayata ta saka hoton jakar da ta ɗinka a WhatsApp, wani ya tambayi kuɗi, ta faɗa masa. Sai cewa ya yi, "Haba Hajiya, abin da aka yi a nan Kakuri za ki sa wa kuɗin kayan waje?" Ita ta yi shiru, ni kuma maganar ta hana ni barci. Ku matso, yau zare za mu yi a kan zare.

2/ Tambayar ita ce: me ya sa mai sana'ar hannu a Kaduna, garin da aka sani da masaƙu, yake sayen yadinsa daga Sin? Amsar tana da tsawo, kuma sai mun fara daga Kano, tun Kaduna ba ta zama gari ba.

3/ A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Babu injin ko ɗaya. Mata na kaɗi da mazari a cikin gida, masaƙa na jefa ƙoshiya a ƙofar gida, marina na turawa a baba.

4/ Da Turawa suka ci ƙasar, audugar suke so, ba saƙar ba. Masu masaƙun Ingila sun kafa ƙungiyar BCGA a 1902 don nemo wa injinansu auduga, kuma hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911 har da wannan lissafin a cikinta.

5/ Nan ne wurin da nake jin daɗi a tarihin. Lissafin bai fita yadda suka so ba. Masaƙan gida sun riƙa sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, saboda sun san ribar da ke cikin saƙi da gwado. Manoman Kano kuma suka karkata ga gyaɗa. Ka ji fa, mutum da ƙoshiyarsa ya fi kamfanin Ingila iya taya auduga a kasuwa. Sai a hankali, da yadin kanti mai araha da injinan gurza a Zariya da Funtuwa, aka ci ƙarfin saƙar hannu.

6/ To mu dawo gida. A 1957 aka fara aiki a Kaduna Textiles, wato KTL, a nan Kakuri. Haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead & Sons na Ingila. Da akoko suka fara. Tunanin mai sauƙi ne: audugarmu ce, don me za a kai ta Ingila a saƙa a dawo a sayar mana?

7/ Sai sauran suka biyo baya. Nortex, sai UNTL da wani attajirin Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa a 1964, sai Arewa Textiles ta Japanawa. Dukkansu a wannan ƙetaren kogin suke, kusa da layin dogo. Shi ya sa Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da mutane daga ko'ina: Katsina, Binuwai, Filato, Kudancin Kaduna, har Edo.

8/ Misali, Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, kafin shugabancin NLC, kafin gwamnan Edo. Hedikwatar ƙungiyar har gobe a Kaduna take.

9/ Babanmu ya yi shekaru yana gyaran injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun (ba zan kira suna ba). Yakan ce a lokacinsu ba ka buƙatar agogo a Kakuri, jiniyar canjin aiki ta ishe ka. Idan 'yan dare suka fito, 'yan safe na shiga, titi ya cika da kekuna har ba wurin taka ƙafa. Mai koko, mai shayi, mai gidan haya, tela, duk a albashin masaƙa suke ci.

10/ Ni ban ga wannan ba. Na taso na tarar da dogayen katangu, ciyawa ta fi mutum tsayi, da rufin kwano da iska ke ɗagawa. Muna yara mun ɗauka haka aka gina su.

11/ Me ya kashe su? Mutane na son amsa guda ɗaya, "Sin ce." A'a, abin ya daɗe yana ci. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injin da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar NEPA ba tabbas. Baƙin man da ake dafa tukunyar tururi da shi ya riƙa wuya, alhali ga matatar mai a garin tun 1980. Wasu injinan kuma sun tsufa ba a sabunta ba.

12/ Sannan a 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka sake hanawa a zamanin Obasanjo, ƙofa ta riga ta buɗe, fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar da Benin bai tsaya ba. Abin haushin ma, har zanen atamfar masaƙunmu da tambarinsu aka riƙa kwaikwaya a waje, a kawo a sayar da araha.

13/ KTL ta rufe a 2002. Arewa ta bi bayanta. UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnati ta hannun Bankin Masana'antu, amma ba ta koma yadda take ba. Ku lura da shekarun: daidai lokacin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin, kowa ya koma ɓangarensa na kogi. Wurin da Musulmi da Kirista ke tsayuwa a kan injin ɗaya awa takwas, shi ma aka sa masa kwaɗo.

14/ Dubban magidanta suka koma gida, da yawa ba a ba su haƙƙinsu ba, wasu har suka rasu suna jira. Baba na cikin masu jiran. Ya yi acaba, bai iya ba. Daga ƙarshe ya koma gyaran keken ɗinki a kusa da kasuwar Monday, don a cewarsa wanda ya gyara injin saƙa ba zai tsaya yana kallon keken Butterfly ba.

15/ A wannan rumfar Yayata ta koyi taka keke tana 'yar sakandare. Da ƙyallayen da teloli ke zubarwa ta fara, tana haɗa ƙananan jakunkuna tana sayar wa ƙawayenta. Yanzu tana da yara uku masu koyo, da injin da ke ɗinka fata. Odarta na zuwa ta Instagram, ta kai garejin Television a tura Abuja da Legas. A bara ta yi jakunkunan rabon biki ɗari biyu cikin mako uku, muka kwana muna manna shafi, har da ni da ban iya komai ba.

16/ Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ku zaga Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha ku gani: masu takalma, masu rini, masu aikin duwatsu, masu ɗinkin hula. Da yawansu idan ka tambaya, uba ko kaka ya yi masaƙa. Ita kanta ƙungiyar ma'aikatan, da mambobinta suka ragu, teloli masu zaman kansu ta koma tana ja a jiki.

17/ Idan kuna son ganin inda aikin hannu zai iya kaiwa, ku leƙa Zariya. Matan Queen Amina Embroidery tun 1994 suke ɗinkin hannu irin na babbar riga a cikin gidajensu, kuma kayansu sun je har kasuwar baje kolin sana'o'in hannu ta Santa Fe a Amurka.

18/ Yanzu ga amsar mai cewa "ai a Kakuri aka yi." Na zauna da Yaya muka warware jakar ɗaya bayan ɗaya. Atamfar daga Kantin Kwari ta sayo, amma a Sin aka buga ta. Zif, na waje. Zare, na waje. Gam da ƙarfen maƙalawa, na waje. Duk da dala ake shigo da su, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga fetur na janareto tun da aka cire tallafi.

19/ Fatar ce kawai ta gida, ita ma mai kyaun sai ka yi da gaske, don jemammiyar fatar Kano mai daraja Italiya da Sifen ake kai yawancinta. Abin da aka yi wa auduga shekara ɗari da suka wuce kenan. Don haka idan kun taya, abu ɗaya ne ake iya ragewa a kuɗin: ladan hannunta. Shi kuke ragewa duk sanda kuka ce "gaskiyar magana nawa?"

20/ Ban ce kar a yi ciniki ba fa, ni ma ɗalibi ne, na san zafin aljihu. Ban kuma yarda da masu cewa sana'ar hannu ta maye gurbin masaƙa ba. Yara uku ba su kai dubban ma'aikata ba, kuma babu fansho a keken ɗinki.

21/ Duk yadin da Yaya ta kawo gida sai Baba ya murza shi da yatsu biyu, ya duba bakinsa, ya ce, "Wannan rubutun ƙarya ne, ba saƙarmu ba ce." Na gaske guda ɗaya ya rage a gidanmu, turmin atamfar UNTL da ke ƙasan akwatin Mama tun na lefenta, ko wanki bai taɓa gani ba. Yaya ta roƙa ya fi sau biyar, tana so ta yi jaka ɗaya tak da yadin Kaduna. Mama ta ce ko almakashi ta gani kusa da akwatin nan, sai sun ɓata.