Neman Sulɓi: Tarihin Ɗan Makunnin da ke Ƙarƙashin Yatsa

Tafiyar da maɓallin kibod yake yi daga sama zuwa ƙasa ba ta wuce milimita 4 ba. A kan wannan 'yar tazara aka shafe fiye da shekara 40 ana gwaji, ana gasa, kamfanoni suna tashi wasu suna faɗuwa. A irin kibod ɗin da ake kira na makanika, kowane maɓalli yana da nasa makunni a ƙarƙashinsa, kuma abin da masu sha'awar wannan fanni suka fi nema a yau shi ne sulɓi: a danna maɓalli ya sauka sumul, ba kaushi, ba tangarɗa. Abin lura a tarihin shi ne, masu saye ne suka fara gano yadda ake samun wannan sulɓin, da hannunsu, sannan masana'antu suka biyo baya.

Asalin makunnin

Kibod na kwamfuta ya gaji tsarinsa daga tafireta, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874 bisa ƙirar Christopher Latham Sholes. Mai buga tafireta ya saba da jin nauyi a yatsa da ƙara a kunne, don haka da IBM ya fitar da kibod ɗinsa na Model F a 1981, sannan Model M a 1985, sai ya riƙe wannan ɗabi'ar. A cikin kowane maɓalli akwai sifirin da yake lanƙwashewa farat ɗaya idan an danna, ya yi ƙas. Wannan ƙara ita ce shaidar cewa harafi ya shiga. A wancan zamani ba wanda yake ganin sulɓi a matsayin abin nema.

Wata hanyar dabam ta fito daga kamfanin Cherry, wanda Walter Cherry ya kafa a jihar Illinois a 1953, daga baya ƙarfinsa ya koma Jamus, a garin Auerbach na jihar Bavaria. A farkon shekarun 1980 kamfanin ya ƙera makunnin MX. Ginin nasa mai sauƙi ne: kwanson roba na sama da na ƙasa, sanda mai kai kamar alamar tarawa wadda hular maɓalli take hawa, sifirin da ke mayar da sandar sama, da kuma 'yan fallayen ƙarfe biyu. Idan sanda ta sauka milimita 2, fallayen su haɗu, wuta ta bi, kwamfuta ta karɓi harafi.

Siffar ƙafafun sandar ce take raba makunnai gida uku. Akwai mai ƙara, akwai mai ɗan tudu da yatsa ke ji a tsakiyar hanya, akwai kuma miƙaƙƙe wanda ba tudu ba ƙara. MX Black na 1984 miƙaƙƙe ne, yana buƙatar nauyin kimanin giram 60. A kan wannan nau'i na ukun maganar sulɓi ta fi yin nauyi, domin tun da babu tudu ko ƙarar da za su ɗauke hankali, duk ɗan kaushin da ke ciki yatsa zai ji shi.

Shekarun faɗuwa da dawowa

A shekarun 1990 farashin kwamfuta ya yi ta sauka, masu haɗa ta suka nemi inda za su rage kuɗi. Sai kibod mai shimfiɗar roba guda ɗaya a ƙarƙashin dukkan maɓallai ya mamaye kasuwa, saboda arahar ƙera shi. Makunnin MX ya fake a injinan lissafin kuɗi na kantuna da na'urorin masana'antu, inda ƙarko ya fi araha muhimmanci.

Masu wasannin kwamfuta ne suka dawo da shi. Wanda yake danna maɓalli ɗaya sau da yawa cikin daƙiƙa ba ya son abin da zai tare masa yatsa. A 2008 Cherry ya fitar da MX Red, miƙaƙƙe mai nauyin giram 45 kacal, ya kuwa samu karɓuwa. Da wa'adin haƙƙin ƙirƙirar MX ya ƙare, sai ƙofa ta buɗe ga kowa. Masana'antun lardin Guangdong na ƙasar Sin, musamman Kailh da Gateron, suka shiga ƙera makunnai masu girma ɗaya da kai iri ɗaya. A 2014 kamfanin Razer, wanda a da yake sayen na Cherry, ya fara sa makunnai masu sunansa da Kailh ya ƙera masa.

Da farko an ɗauki waɗannan a matsayin kwaikwayo mai araha. Amma riƙe siffar kan sandar da suka yi ya haifar da wani abu mai amfani: hular maɓalli ɗaya tana hawa makunnin kowane kamfani, makunnin kowane kamfani kuma yana shiga allo ɗaya. Mai saye ya samu damar ajiye biyu gefe da gefe ya gwada. Nan aka fara jin cewa na Gateron, duk da arahar sa, ya fi na Cherry na lokacin sulɓi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wani abin mamaki ya ƙara rura wutar. Masu tara tsofaffin kibod sun lura cewa MX Black na shekarun 1980 sun fi sababbi laushin tafiya. Bayani biyu aka fi bayarwa. Na ɗaya, mazubin da ake zuba narkakkiyar roba a ciki yana cinyewa da tsawon aiki, abin da ya fito daga tsohon mazubi kuwa sai jikinsa ya yi kaushi. Na biyu, makunnin da aka danna sau miliyoyi ya riga ya goge kansa. Ko wanne ne ya fi gaskiya, darasin ɗaya ne: kaushi abu ne da ake iya magancewa. Mutane suka shiga sayen tsofaffin kibod ɗin ofis don kawai su ciro makunnan.

Daga nan aikin hannu ya kankama. A cikin makunni akwai wurare uku da ake gugar juna: inda sanda ke bin hanyarta a jikin kwanso, inda ƙafafunta ke shafar fallen ƙarfe, da inda sifirin ke murɗawa. Masu sha'awa suka riƙa buɗe makunnai ɗaya bayan ɗaya, suna shafa musu mai da siririn buroshi. Man da ya fi shahara shi ne Krytox 205g0, giris ɗin da DuPont ya samar da irinsa tun asali don injinan jiragen sama da makamantansu, wanda yanzu Chemours ke yi. Cikakken kibod yana da maɓalli 104, saboda haka aikin yakan ci sa'o'i. Idan man ya yi yawa maɓalli ya yi nauyi kamar an taka taɓo. Idan ya yi kaɗan wahala ta tashi a banza. Wasu kuma suna saka siririn fallen roba tsakanin kwanson sama da na ƙasa don hana girgiɗi.

Masana'antu sun ga kasuwa a nan. Suka fara gasa a kan irin robar da ake amfani da ita: nailan, da polikabonet, da POM wadda aka sani da ƙarancin gugar jiki, da UHMWPE wadda ta fi ta santsi. Makunnin Cream da Kailh ya ƙera wa kamfanin NovelKeys a 2018 ya yi suna ne saboda sanda da kwanso duk na POM ne. Aka goge mazubai, aka tsawaita sifirin don nauyi ya daidaita daga sama har ƙasa, aka koma shafa mai tun daga masana'anta. A 2023 Cherry da kansa ya fitar da MX2A, wanda yake zuwa da mansa, da sabon sifirin mai ciki kamar ganga. Wato abin da mutane suka yi shekaru suna yi a kan teburinsu ya zama ƙa'idar kamfanin da ya ƙirƙiro makunnin.

Cire ƙarfen gaba ɗaya

Duk man da za a shafa, muddin sanda tana tura fallen ƙarfe, saura guga ɗaya. Sabuwar ƙira ta kawar da fallen. A makunnin maganaɗisu, ana dasa ɗan maganaɗisu a gindin sanda, a kan allo kuma akwai 'yar na'ura mai auna ƙarfinsa yayin da yake kusantowa. Ba abin da ke taɓa wani. Ilimin ya tsufa ƙwarai: Edwin Hall ne ya gano shi a Jami'ar Johns Hopkins a 1879, kuma sashen Micro Switch na Honeywell ya ƙera kibod da shi tun ƙarshen shekarun 1960, kafin tsada ta kore shi daga kasuwa. SteelSeries ya dawo da shi a Apex Pro a 2019, sannan Wooting na ƙasar Holan ya yaɗa shi da 60HE a 2022.

Amfaninsa ya wuce sulɓi. Tun da na'urar ta san daidai inda maɓalli yake a kowane lokaci, mai kibod yana iya zaɓar zurfin da harafi zai shiga, maɓallin kuma yana iya sake kamawa da zarar yatsa ya ɗaga kaɗan. Wannan sauri ya jawo gardama a fagen gasa. A watan Agustan 2024 kamfanin Valve ya haramta, a wasan Counter-Strike 2, wata dabara da irin waɗannan kibod ke yi wa ɗan wasa, ta sauya maɓallin hagu da na dama da kansu, bisa hujjar cewa na'ura ce take yin abin da ya kamata hannu ya koya.

Abin da aka samu da abin da aka bari

Gasar ta yi wa mai saye daɗi, domin makunni mai sulɓi da a da sai an sha wahala ake samu yanzu yana zuwa a kibod masu matsakaicin farashi. Ta yi wa Cherry tsada: a 2025 kamfanin ya sanar da daina ƙera makunnai a Auerbach, aikin zai koma ƙasar Sin.

Ga mai rubutu kuwa, lauya ne ko ɗan jarida ko mai shirya manhaja, akwai abin dubawa kafin ya bi yayi. Makunni miƙaƙƙe ba ya gaya wa yatsa lokacin da harafi ya shiga, don haka da yawa sukan buga maɓallin har ƙasa da ƙarfin da ba a buƙata, mai sauƙin nauyi kuma yana iya kamawa da ɗan kuskuren taɓi. Tudun da ƙarar da IBM ya riƙe suna da aikin da suke yi, shi ya sa har yau kamfanin Unicomp yake ƙera kibod irin Model M a birnin Lexington na jihar Kentucky, kuma yana samun masu saye. Wanda zai zauna sa'a shida yana rubutu ya fi kyau ya gwada nau'o'in uku da yatsunsa, a kan shafi guda cikakke, kafin ya fitar da kuɗinsa.