Laka, Farar Ƙasa da Toka

Yau hirarmu kan ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta ce.

Baƙar laka, irin ta fadama ko firgin Borno, tana kumbura da damina, da rani ta tsuke ta tsattsage. Duk titin da aka ɗora mata haka nan, to fa sai ya dare.

Maganin tsoho ne. Rumawa sun haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, wasu gine-ginensu na nan tsaye har gobe. Mu ma maginan Katsina da Kano suna da laso: katsin marina, wanda toka ce a cikinsa, da gashin jima da dafara, a shafe soro ruwa ya kasa ratsawa.

A shekarun 1940 injiniyoyin Texas a Amurka suka rungumi cakuɗa laka da ƙonanniyar farar ƙasa kafin shimfiɗa titi, daga baya aka ƙara da tokar kwal ta tashoshin lantarki. Farar ƙasar tana kashe kumburin, tokar kuma ta haɗu da ita su daskare kamar siminti.

Me ya kawo Jibiya? Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 ta nan ya biyo, ga tireloli kullum a boda. Yawancin ƙasarmu jigawa ce, amma kusa da kogin Gada akwai laka. In an zo aiki a nan, ku tambaya: an gwada ƙasar kuwa?