Milt Hinton da sana'ar kiɗan bes a jaz

Milt Hinton, wanda ya rasu ranar 19 ga Disamba 2000 a unguwar Queens ta birnin New York yana da shekara 90, na cikin makaɗan bes da suka fi kowa yawan faifai a tarihin kiɗan jaz. Bes ƙaton kayan kiɗa ne na katako mai tsirkiya huɗu, tsayinsa ya kai na mutum, kuma a tsaye ake kaɗa shi. Muryarsa ce mafi kauri a cikin ƙungiya, ita ke riƙe da lokaci da tushen sauti, sauran makaɗa su ɗora nasu a kai. Shi ya sa mai sauraro ba ya cika lura da mai bes sai in ya yi kuskure.

An haifi Hinton ranar 23 ga Yuni 1910 a Vicksburg ta jihar Misisifi. A 1919 ya koma Cikago, lokacin da dubban baƙaƙen fata ke barin kudancin Amurka saboda wariya da kisan gilla. Da biyolin, gogen Turawa, ya fara. A wancan zamani gidajen silima kan ɗauki masu biyolin su yi wa fina-finan da ba su da murya rakiya. Da fim mai magana ya fito a 1927 sai wannan kasuwa ta mutu, Hinton ya rungumi bes.

Ya shigo sana'ar a kan gaɓa. Kafin 1925 na'urar ɗaukar faifai ba ta iya kama muryar bes da kyau, don haka ƙungiyoyi da yawa suka dogara da tuba, wani ƙaton ƙaho na tagulla. Zuwan makirufo ya sauya lamarin. Makaɗan New Orleans irin su Pops Foster da Wellman Braud sun riga sun saba da wani salo na fincike tsirkiya da ƙarfi ta dawo ta mari katako, don sautin ya ratsa hayaniyar ɗakin rawa. Hinton ya ɗauki salon nan ya goge shi, ya kuma riƙe shi har tsufansa, bayan yawancin makaɗa sun yar da shi.

A 1936 ya shiga ƙungiyar Cab Calloway, inda ya yi shekara 15. A nan ya zauna da matashin mai busa Dizzy Gillespie, suna keɓewa suna gwada sababbin haɗe-haɗen sauti da daga baya suka zama salon bibof. A daidai wannan lokaci Jimmy Blanton na ƙungiyar Duke Ellington ya nuna cewa bes na iya fitowa gaba ya rera shi kaɗai, kafin tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 23.

Da manyan ƙungiyoyi suka durƙushe, Calloway ya sallami tasa. Hinton ya koma ɗakunan ɗaukar faifai na New York, aikin da kusan fararen fata kaɗai ke samu. Yana karanta rubutun kiɗa da kallo ɗaya, ba ya makara, ba ya rigima. Waɗannan halaye, fiye da gwaninta, su suka buɗe ƙofar gare shi da waɗanda suka biyo bayansa. Ya kaɗa wa Louis Armstrong da Billie Holiday da Aretha Franklin, ya yi kiɗan tallace-tallace da na talabijin. Abokan sana'a suna kiransa da laƙabin da ke nufin Alƙali.

Akwai wata gudummawar tasa da ba ta kiɗa ba. Tun shekarun 1930 yake yawo da kyamara, ya bar hotuna kusan 60,000: makaɗa na barci a mota, suna cin abinci a bayan dandali, suna tsaye ƙarƙashin allunan da ke raba ƙofar baƙaƙe da ta farare a kudu. Baƙon mai hoto da wuya ya samu irinsu, domin makaɗan ba sa gyara zama in nasu ne ya ɗaga kyamara. An tattara wasu a littafinsa Bass Line na 1988. Ya koyar a kwalejojin Hunter da Baruch a New York, kuma a 1993 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba shi lambar girma ta gwanayen jaz.