Fankar da ta mutu a bangon banɗaki

Makon jiya mun taru a Talata Mafara gyaran wani tsohon gida na danginmu, irin gidajen siminti da aka gina a zamanin aikin dam. Can sama a bangon banɗaki akwai wata 'yar fanka mai zuƙe wari da tururi ta fitar waje. Ba wanda ya tuna ranar da ta yi juyin ƙarshe. Mai gyaran wuta ya kashe layin, ya kwance murfin, sai ga gidan zanzaro da ƙurar shekaru. Notinan sun yi tsatsa, sai da aka sa guduma. Ya naɗe bakin wayoyin, aka bar rami a bango.

Me ya kawo fanka banɗaki tun farko? A gidajen iyayenmu makewayi yana can ƙarshen gida, katanga ce ko zana, sama a buɗe. Rana ta busar, iska ta kwashe. Shi ya sa ma ake ce masa bayan gida. Banɗakin da ke manne da ɗakin kwana, rufe ruf, shi ke buƙatar inji, inji kuma sai da wuta.

Alkawarin wutar nan da dam ɗin Bakalori ya zo. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina shi a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun, aka kammala a 1978. An tsara shayar da hekta 23,000 a yankin Mafara, Bakura da Maradun, mafi yawansu da injinan feshin ruwa masu aiki da lantarki. Har da ƙaramar tashar wuta ta megawat 3 aka haɗa masa. Wanda ya gina gida a lokacin, ya ga wannan, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka fanka za ta yi ta juyawa har abada.

Farashin kuwa ba ƙarami ba ne. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin sun ce ɗaruruwa ne. Daga baya wutar ta gaza, injinan feshi suka tsaya, noman ya dogara ga ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta kwalbatoci. Wato abin da ba ya jiran lantarki shi ya rayu.

A shekarun 1970 ɗin nan dai, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, Peter Morgan ya fito da masai mai dogon bututu da raga a bakinsa. Iskar da ke wucewa ta saman bututun ita ke jan wari, ƙuda kuma ya maƙale a raga. Ba waya, ba fanka. Mu a ganinmu wannan ya fi kusa da hankalin kakanninmu.

Sai gardama ta tashi a kan ramin. Wasu suka ce a toshe da bulo, Baffa ya ce in an toshe, damina ɗaya fenti zai fara ɓarewa, bango ya yi baƙi. Maganarsa aka bi. Magini ya ƙara faɗin ramin kaɗan, aka buga ragar sauro. Fankar kuma wani yaro mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tafi da ita.